Yadda Ake Ɗora Manhajar Digiri na Biyu ta Ilimin Halayyar Ma'aikata a Kan Ƙa'idojin Kasuwanci Mai Tsafta na Duniya

Wani dare bayan sallar isha'i, wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama a gida a Agege, ya zauna a bakin tabarma yana ta jujjuya hularsa a hannu kafin ya iya furta abin da ke tafe da shi. Shekara biyu ke nan da ya kammala digiri na biyu a fannin ilimin halayyar ɗan'adam a wurin aiki, yana kuma aiki a sashen kula da ma'aikata na wata masana'anta. Ya ce, "Malam, an ɗora mini tsara jarrabawar tabbatar da ma'aikatan kwantiragi, amma manaja ya ja ni gefe ya ce in tsara ta yadda ba za a samu fiye da mutum biyar sun haye ba, alhali sun kai arba'in, wasunsu ma shekararsu shida a kan injin." Yaron ya san yadda ake auna ingancin jarrabawa, domin ni na koya masa, kuma ya ci kwas ɗin da maki mai kyau. Abin da bai taɓa ji a ajinmu ba shi ne abin da mutum zai yi ranar da mai biyansa albashi ya nemi ya juya wannan ilimi a kan mutanen da aka ce ya auna.

Matsalar wannan fanni ke nan tun asali: kamfani ne ke biyan masanin halayyar ma'aikata, amma ma'aikaci ne ke kwana da sakamakon aikinsa. Matakan da ke tafe na shugabannin sassa ne da malamai da duk wanda aka ɗora wa gyaran manhaja a jami'a, musamman a nan Legas, inda ɗalibanmu ke fita kai tsaye zuwa bankunan tsibiri, da masana'antun Ikeja da Ilupeju, da tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can.

Mataki na farko: ku karanta takardun da kansu

Mutane da yawa suna ambaton ƙa'idojin duniya a taro ba tare da sun taɓa buɗe ko ɗaya ba, saboda haka aikin farko shi ne kowane malami a sashen ya karanta su da idonsa. Ba su da tsawon da zai gagari mutum.

Ta farko ita ce yarjejeniyar Global Compact ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Kofi Annan ya gabatar da shawararta a taron tattalin arziki na Davos a watan Janairun 1999, aka ƙaddamar da ita a watan Yulin 2000. Ƙa'idojinta goma ne. Biyu na farko a kan haƙƙin ɗan'adam suke: kamfani ya mutunta shi, kuma kada a haɗa baki da shi wajen take shi. Huɗu na biye a kan ƙwadago suke: 'yancin shiga ƙungiya da yin ciniki da murya ɗaya, kawar da aikin tilas, kawar da bautar da yara, da kawar da nuna bambanci wajen ɗaukar aiki da gudanar da shi. Uku a kan muhalli suke, ta goman kuwa, wadda aka ƙara a 2004, a kan yaƙi da cin hanci da rashawa take. A 2007 aka fito da wani tsari na musamman domin makarantun da ke koyar da gudanarwa, mai suna PRME, wanda ya fara da ƙa'idoji shida, aka sabunta su zuwa bakwai a 2023: manufa, ɗabi'u, koyarwa, bincike, haɗin gwiwa, aikatawa, da raba abin da aka koya da wasu.

Bayan waɗannan akwai ƙa'idoji 31 a kan kasuwanci da haƙƙin ɗan'adam da Farfesa John Ruggie ya jagoranci tsarawa, waɗanda Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2011. Ginshiƙansu uku ne: gwamnati ta kare, kamfani ya mutunta, wanda aka cuta kuma ya samu hanyar da za a share masa hawaye. Sai sanarwar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1998 a kan muhimman haƙƙoƙi a wurin aiki, wadda a 2022 aka ƙara mata haƙƙin yin aiki a wuri mai aminci da lafiya. Daga ƙarshe akwai ta fanninmu, wato sanarwar ƙa'idojin ɗa'a ga masana halayyar ɗan'adam da manyan ƙungiyoyin fannin suka amince da ita a Berlin a 2008, mai ɗauke da ƙa'idoji huɗu: mutunta darajar mutane da al'ummomi, kula da walwalarsu bisa ƙwarewa, riƙon gaskiya, da sauke nauyin da ke kan masani ga al'umma.

Shawarata ita ce a ɗauki ƙa'idoji goman nan a matsayin ƙashin bayan aikin, domin gajeru ne, kuma manyan kamfanonin Legas sun riga sun san su, a kuma jingina kowace ɗaya da dokar Najeriya da ta dace da ita. Akwai ɗalibin da zai ce wannan duk kayan Turawa ne. A tuna masa da hadisin da ya sani tun yana makarantar allo, wanda ya yi umarni da a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ɗalibai Kiristoci ma suna da umarnin kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, a Tsohon Alkawari. Idan ɗalibi ya ga cewa abin da aka rubuta a Geneva ya yi daidai da abin da aka karantar da shi a zaure, ya fi riƙe shi da hannu biyu.

Mataki na biyu: ku kafa ƙaramin kwamiti

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. Bayan malamai biyu ko uku, a gayyato tsohon ɗalibi da ke aiki a kamfani, da jami'in ƙungiyar ƙwadago, da lauya mai zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, da gogaggen ɗan cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta CIPM, wadda hedikwatarta ke Alausa a Ikeja. Kada kwamitin ya zama na maza zalla. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma a wannan aiki tsohon ɗalibin ne zai fi kowa nuna muku wurin.

Mataki na uku: ku baje manhajar yanzu a faifai

A zana jadawali a babban allo ko a kwamfuta. A jera kwasa-kwasan shirin daga sama zuwa ƙasa: zaɓen ma'aikata da ɗaukarsu, auna halayya da ƙwarewa, horarwa, ƙarfafa gwiwa da biyan lada, shugabanci, dangantakar ma'aikata da masu kamfani, lafiya da aminci, hanyoyin bincike, da sauransu. A jera ƙa'idoji goman daga hagu zuwa dama. A kowane gida na jadawalin a sa sifili idan kwas ɗin bai taɓo ƙa'idar ba, a sa 1 idan ana ambatonta a lacca kawai, a sa 2 idan ana ba ɗalibi aiki ko jarrabawa a kanta.

A nan ne akasarin sassa ke yaudarar kansu. Idan aka tambayi malami ko yana koyar da adalci wajen ɗaukar aiki, zai ce ƙwarai kuwa, kuma ba ƙarya yake yi ba, domin yakan ambace shi. Saboda haka kada a cika jadawalin da bakin malami ko da bayanin kwas da ke cikin littafin jagorar ɗalibai. A ɗauko takardun jarrabawa na shekara uku da suka wuce, da ayyukan da aka ba ɗalibai, da jerin sunayen kundayen binciken da aka kammala, a cika shi da abin da aka gani a ciki. Ɗalibi ba ya ɗaukar abu da muhimmanci sai ya san zai fito a jarrabawa. Lokacin da muka yi wannan aiki a sashenmu, layin cin hanci da layin muhalli sifili ne daga sama har ƙasa, layin bautar da yara ma haka, a garin da yara ke talla a tsakiyar gosulo kullum.

Mataki na huɗu: ku shigar da ƙa'idojin cikin kowane kwas

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirƙiro kwas guda mai suna ɗa'ar aiki, a jefa shi a zango na ƙarshe, a ce an gama. Wannan ita ce hanyar da ba na so, domin tana koya wa ɗalibi cewa ɗa'a tana da ranarta da ajinta, sauran ranakun mako kuwa na lissafi ne. Abin da ya fi shi ne kowane malami ya sake rubuta manufofin kwas ɗinsa da kalmomin da za a iya aunawa. Maimakon a rubuta cewa ɗalibi zai fahimci muhimmancin adalci, a rubuta cewa ɗalibi zai iya ɗaukar sakamakon jarrabawar ɗaukar aiki ya gano ko ta tauye wani rukuni, ya kuma rubuta wa manaja abin da ya kamata a gyara.

Kwas ɗin zaɓen ma'aikata shi ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin nan ne ƙa'ida ta shida, ta kawar da nuna bambanci, take zaune. A koya wa ɗalibai ma'aunin kashi huɗu cikin biyar, wanda hukumomin Amurka suka sa a jagororinsu na 1978. Ba dokar Najeriya ba ce, amma sandar awo ce mai amfani. Ga misali na aji: a ce mutum 100 da suka yi karatu a Legas sun zauna jarrabawar neman aikin tuƙa injin ɗaga kaya, 60 suka ci, wato kashi 60 cikin ɗari. Mutum 50 da suka taso daga Arewa sun zauna, 15 suka ci, wato kashi 30. Idan aka raba 30 da 60 za a samu rabi, wanda ya gaza kashi huɗu cikin biyar da nisa. Wannan bai tabbatar da an yi zalunci ba, amma ya wajabta tambaya: shin jarrabawar tana auna iya tuƙa injin ne, ko kuwa iya karanta dogon Turanci cikin minti ashirin? Idan aikin ba ya buƙatar wannan Turancin, to an kori mutum a kan abin da ba shi da alaƙa da aikin. Haka za a yi wannan lissafi tsakanin maza da mata, da tsakanin masu buƙata ta musamman da sauran jama'a, a haɗa da sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana nuna bambanci, da dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda ta ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na ayyukan hukumomin gwamnati, da dokar 2014 da ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau.

A cikin wannan kwas ɗin dai, a karanta abin da ya faru ranar 15 ga Maris 2014, lokacin da aka tara masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa bayan kowanne ya biya naira dubu, aka yi turmutsitsi, aka rasa rayukan matasa a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. A ba ɗalibai aiki su sake tsara wannan ɗaukar aiki daga tushe: yadda za a tace masu nema kafin a kira su, mutum nawa za a kira a rana, da dalilin da ya sa bai dace mai neman aiki ya biya kuɗi ba. A nan ɗalibi zai gane cewa tsara jarrabawa ma yana iya zama batun rai da mutuwa.

Kwas ɗin auna halayya kuwa dole ya haɗu da dokar kare bayanan sirri ta 2023. Sakamakon gwajin halayya, da bayanin lafiyar mutum, da addininsa, da ƙabilarsa, da kasancewarsa ɗan ƙungiyar ƙwadago, duk abubuwa ne da ba a ajiye su a tebur kowa ya leƙa. Dokar ta kuma ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi bisa lissafin na'ura kaɗai, abin da ya shafi kamfanonin da yanzu ke barin manhajar kwamfuta ta tace takardun masu neman aiki. A nan a yi gargaɗi a kan gwaje-gwajen da aka ƙirƙira a Amurka ko Ingila ake shigo da su kamar gwanjo, ba tare da an gwada ingancinsu a kan 'yan Najeriya ba.

A kwas ɗin ƙarfafa gwiwa da biyan lada, a daina tsayawa a kan ra'ayoyin masana kaɗai alhali da yawa daga cikin ma'aikatan da ɗalibi zai tarar ta hannun 'yan kwangila aka ɗauko su. A koya masa cewa sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Cewa mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Cewa dokar fansho ta 2014 ta ɗora zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashi a kan mai kamfani da kashi 8 a kan ma'aikaci. Cewa dokar biyan diyya ta 2010 ta tanadi asusu domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Sannan a tura shi ya tambayi maigadin ƙofar jami'ar, wanda wataƙila daga Sakkwato ko Yobe ya zo, ko yana da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Lafiya da aminci suna da nasu kayan aiki na zamani: ma'aunin ISO 45003 na 2021 a kan haɗurran da ke taɓa tunani da zuciya a wurin aiki, da jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 a kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan cin zarafi da tsangwama, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu a 2022. Tun 1979 wani masani mai suna Robert Karasek ya nuna cewa matsi ya fi yin illa inda nauyin aiki ya yi yawa, ikon ma'aikaci a kan yadda zai yi shi kuma ya yi kaɗan. A ɗora wannan a kan ma'aikaciyar banki da ke barin Ikorodu kafin asuba domin ta haye gadar Third Mainland, aka kuma ɗora mata adadin kuɗin ajiyar da za ta kawo a wata. Rushewar ginin Rana Plaza a Bangaladash a watan Afrilun 2013, inda fiye da mutum 1,100 suka mutu bayan an umarce su da su koma aiki a ginin da aka ga ya tsage, darasi ne na halayya kafin ya zama na injiniya: me ke sa mutum ya shiga wurin da ya san akwai haɗari idan aka yi masa barazana da albashi?

A kwas ɗin dangantakar ma'aikata, ɗalibi ya san cewa gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, ikon yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su da kuma kyawawan al'adun aiki na duniya. Wannan ita ce amsar da za a ba manajan da ke cewa ƙa'idojin duniya ba su da haƙora a nan. Muhalli ba ya buƙatar kwas na kansa. A sa shi a horarwa da sauya ɗabi'un ma'aikata. Cin hanci kuwa a sa shi a shugabanci, tare da tambayar da ta fi kowace wuya a garinmu: a ina kyautar goro take ƙarewa, toshiyar baki ta fara?

Mataki na biyar: ku koyar da yadda ake cewa a'a

Bayan duk wannan, har yanzu akwai buƙatar kwas guda na musamman, amma na atisaye. Sanin daidai daban, iya faɗinsa a gaban wanda zai iya korarka daban. A raba ɗalibai uku-uku: ɗaya manaja, ɗaya masanin halayya, ɗaya mai sa ido. A ba manajan umarni ya matsa da gaske, ya yi zancen riba, ya yi zancen cewa akwai mutum ɗari a waje masu jiran kujerar. Mai taka rawar masani ya koyi abubuwa huɗu a jere: ya nemi a ba shi umarnin a rubuce, ya bayyana haɗarin da kamfanin zai shiga a kotu da idon jama'a, ya kawo wata hanya da za ta biya buƙatar kamfanin ba tare da cuta ba, ya kuma ajiye tarihin abin da aka yi da kwanan wata. Sai an gaza a waɗannan ake zancen kai ƙara sama ko ajiye aiki.

Abin da muka yi da ɗalibin nan nawa a daren ke nan. Muka zauna har wajen sha ɗaya muna rubuta takarda shafi guda, inda ya bayyana cewa jarrabawar da aka ƙayyade yawan masu cinta tun kafin a zauna ba za ta tsaya a gaban alƙali ba, ya kuma ba da shawarar cewa idan kujeru biyar ne kaɗai kamfanin zai iya ɗauka a bana, a faɗa wa mutanen gaskiya, a jera su bisa ƙwarewa da daɗewa, a sa ranar da za a duba na gaba. Da zai tafi ya ce, "Malam, da an sa mu mun gwada wannan a aji ko sau ɗaya, da ban kwana uku ba barci ba." Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na shida: ku gyara bincike, ku faɗaɗa inda ake yinsa

Kundayen ɗalibanmu sun cika da ma'aikatan banki da malaman sakandare, saboda su ne masu sauƙin raba wa takardar tambayoyi. Amma mafi yawan masu neman abinci a Legas ba su da katin shaidar kamfani: 'yan dako a kasuwar Mile 12, mahauta a mayankar Oko-Oba, direbobin tirela da tanka da ke kwana a layi a hanyar Apapa, 'yan ga-ruwa, da 'yan acaɓa da aka hana su aiki a wasu ƙananan hukumomi a 2020, aka sake tsaurara hanin a 2022. Muradi na takwas cikin muradun ci gaba 17 da aka amince da su a 2015 yana magana ne a kan aiki mai mutunci ga kowa, kuma waɗannan mutane suna cikin kowa. A ware aƙalla kaso ɗaya na batutuwan bincike na kowace shekara domin su.

Sai dai shiga irin waɗannan wurare yana da ladabinsa. Na taɓa raka wata ɗaliba wurin 'yan gwari, inda ta fara da gaishe da shugabansu ta ce, "Baba, izini muke nema mu yi wa yaranka tambayoyi." Dattijon ya dube ta ya ce, "'Yata, na ba ki, amma in kin gama wa za ki kai wa maganarsu?" Wannan tambaya ita ce dukan darasin ɗa'ar bincike. Izinin shugaba yana buɗe ƙofa, amma ba ya maye gurbin yardar kowane mutum shi kaɗai. Takardar neman yarda ta kasance da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka, a karanta wa wanda ba ya karatun boko, a kuma bayyana masa cewa yana iya tashi ko a tsakiyar hira. Idan a kamfani ake binciken, kada manaja ya raba takardun, kada ya karɓa, kada kuma a ba shi sakamakon rukunin da bai kai mutum goma ba, domin zai gane mai magana. Kowane kundi ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a kafin a fita fili, kuma a koma a gaya wa mutanen abin da aka samu, da harshen da suke ji.

Mataki na bakwai: ku rubuta yarjejeniya da wuraren sanin makamar aiki

Kafin a tura ɗalibi kowane kamfani, a sa hannu a takarda mai faɗin aikin da zai yi, da wanda zai kula da shi, da alawus ɗin mota, da malamin da zai kira idan aka nemi ya yi abin da bai dace ba ko aka tsangwame shi. Wurin neman abokan hulɗa, a fara da kamfanonin da ke cikin reshen Global Compact na Najeriya, da mambobin ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA da ke Ikeja. Shigar kamfani cikin jerin ba shaidar tsarki ba ce, amma tana ba ku abin da za ku riƙe shi da shi.

Mataki na takwas: ku share naku ɗakin

Wannan shi ne matakin da malamai ba sa son a taɓo, kuma shi ne abin da ƙa'idar aikatawa ta PRME take nufi. Sashen da ke koyar da yaƙi da cin hanci alhali ɗalibi ba ya samun sa hannun mai duba kundinsa sai ya zo da ambulan, ya riga ya koyar da darasin da zai fi zama a zuciya. A sa wa'adin mako nawa malami zai riƙe babi kafin ya mayar. A hana tilasta sayen takardun lacca. A buɗe hanyar kai ƙorafin neman lalata wadda ba ta bi ta ofishin wanda ake ƙorafi a kansa. A sa sunan ɗalibi a maƙalar da aka fitar daga aikinsa. A duba ko malaman wucin gadi da masu shara suna samun haƙƙinsu a kan lokaci, a kuma duba ko mai keken guragu zai iya isa ajin da ke bene na biyu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mataki na tara: amincewa, shiga, da rahoto

Sabuwar manhaja takan bi ta taron sashe, zuwa tsangaya, zuwa makarantar karatun gaba da digiri, kafin majalisar dattawan jami'a ta amince, kuma dole ta cika mafi ƙarancin sharuɗɗan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Gyaran abin da ke cikin kwas da irin tambayoyin jarrabawa yana hannun malami, saboda haka a fara da shi a zango mai zuwa; sabon kwas da sauya yawan makin karatu su ne ke jiran majalisa.

Idan kuna so ku shiga Global Compact ko PRME a hukumance, ana buƙatar wasiƙar alƙawari daga shugaban cibiyar, don haka a shigar da ofishin shugaban jami'a cikin maganar tun da wuri. Cibiyoyin da ba kamfanoni ba ne suna miƙa wa Global Compact rahoton abin da suka yi duk shekara biyu, wanda ya yi sakaci kuma ana iya cire sunansa. Ina ba da shawarar a jinkirta shiga har sai an yi shekara guda ana aiki da matakai na huɗu da na takwas, domin rahoton farko ya ƙunshi abin da aka aikata.

Game da awo, a sake cika jadawalin mataki na uku a ƙarshen kowace shekarar karatu, daga takardun jarrabawar shekarar, a ajiye shi kusa da na bara. A ƙirga kundaye nawa aka yi a kan ma'aikatan da ba su da takardar ɗaukar aiki, da ƙorafi nawa aka karɓa da kwana nawa aka ɗauka kafin a warware kowanne. A kira tsofaffin ɗalibai da suka shekara biyu da fita, a yi musu tambaya biyu: an taɓa neman ka yi abin da ka san ba daidai ba ne, kuma me ka yi? A rubuta amsoshin ba tare da suna ko sunan kamfani ba, a miƙa su ga malamin kwas ɗin atisaye, ya mayar da su misalan da 'yan aji na gaba za su gwada a mako na uku na zangon farko.